Gashin kansa da kumburin jijiyoyin jini: iyakar abin da sinadaran tsirrai ke iya yi

Tun shekarar 2021, da Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Kansa, CNLC, ta buɗe sashenta na radiyoterapi a Yamai tare da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya AIEA, mai ciwon kansa daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa na iya samun gashi a cikin ƙasa, ba lallai sai an fitar da shi waje ba. Da zarar an fara gashin kuma, ko an dawo gida bayan an gama, tambaya ɗaya ce ke yawo cikin dangi: me za a ba shi ya sha don ya «wanke» masa hasken? Wani ya kawo kurkum, wata ta dafa zogala, wani kuma ya turo saƙon WhatsApp na wasu kafso masu tsada da aka ce cike suke da antioksidan.

Tambayar ba ta wauta ba ce. Masana kimiyya ma sun shafe shekaru suna yin ta, kuma wurin da suka fi zuba wa ido shi ne siririyar shimfiɗar da ke cikin jijiyoyin jini. Abin da suka gano ya kasu biyu. Kumburin da haske ke haddasawa a wannan shimfiɗa gaskiya ne, yana kuma daɗewa. Amma tsakanin abin da sinadarin tsiro ke yi a ɗakin gwaji da abin da yake yi a jikin majinyaci akwai tafiya mai nisa, kuma an taɓa yin gwajin da «kariyar» ta koma cuta.

Shimfiɗar cikin jijiya

Kowace jijiyar jini, daga babbar da ke fita daga zuciya har zuwa ƙananan da ido ba ya iya gani, an shafe cikinta da layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta masu faɗi. Likitoci na kiran wannan shimfiɗa andoteliyom. An daɗe ana ɗaukarta tamkar simintin da ake shafe cikin rijiya da shi, abin da ba ya aikin komai sai hana yoyo. A shekarar 1980 ne Robert Furchgott, wani masani a Amurka, ya nuna cewa idan aka kankare shimfiɗar daga jijiyar zomo, jijiyar ba ta ƙara saki kamar yadda ta saba. Daga baya aka gane cewa shimfiɗar na fitar da wata iska, monoksid na azot, wadda ke sa jijiya ta buɗe. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1998, tare da Louis Ignarro da Ferid Murad.

Ban da buɗe jijiya, shimfiɗar na hana jini daskarewa a inda bai kamata ba, ta hanyar wani furotin da ke fuskarta mai suna torombomodulin. Ita ce kuma mai tsaron ƙofa: fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, suna wucewa ne abinsu har sai ta yi musu alamar cewa akwai rauni a nan, sannan su manne, su ratsa bango su shiga nama. Wannan shigar tasu, da ja da zafi da ruwan da ke biyo baya, su ne ake kira kumburi. Kumburi na ɗan lokaci gyara ne. Wanda ya ƙi mutuwa shi ne matsala.

Abin da haske ke yi mata

Kusan rabin masu kansa na buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Ana auna shi da girai, a taƙaice Gy. Tsarin da aka saba shi ne girai 2 a rana, kwana biyar a mako. A kansar nono, misali, girai 50 a zama 25, ko kuma girai 40 a zama 15 kamar yadda ake yi yanzu a wurare da yawa. Hasken ba ya zama cikin jiki bayan an kashe na'ura, saboda haka babu abin da za a «wanke», kuma majinyacin da aka yi wa gashi daga waje ba ya ɗauke da komai da zai cutar da iyalinsa. Abin da ke saura shi ne ɓarnar da hasken ya yi a hanyarsa.

Yawancin ɓarnar ba kai tsaye take faruwa ba. Jikin mutum ruwa ne galibi, kuma idan haske ya bugi ruwa sai ya farfasa shi zuwa wasu ɓurɓushi masu ƙuna, waɗanda masana ke kira radikal. Mu kira su tartsatsi. Tartsatsin ne ke tsinka ADN, kuma kusan kashi biyu cikin uku na aikin hasken da ake gashi da shi ta wannan hanya yake bi. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: tartsatsin da ke ƙona jijiya shi ne dai wanda ke kashe kansar.

Shimfiɗar jijiya da ta sha haske tana amsawa ta hanyoyi da dama. Wasu ƙwayoyinta na mutuwa cikin awoyi. A 2001, François Paris da abokan aikinsa a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Niyok sun wallafa a mujallar Science cewa, a hanjin ɓeraye, mutuwar waɗannan ƙwayoyi ce ke fara jawo lalacewar hanjin. Wasu masu bincike sun ja da wannan, amma aikin ya sa aka daina kallon jijiya a matsayin ƴar kallo. Waɗanda ba su mutu ba kuwa, wani makunni da ke cikinsu mai suna NF-kB yana kunnuwa. Idan ya kunnu, ƙwayar na fito da wasu ƙugiyoyi a fuskarta, ICAM-1 da VCAM-1 da makamantansu, masu kama fararen ƙwayoyin jini, tana kuma aika saƙon kiran ƙarin sojoji. Torombomodulin na raguwa, sai jini ya riƙa daskarewa cikin ƙananan jijiyoyi. Iskar da ke buɗe jijiya ma tana raguwa. Wasu ƙwayoyin kuma su tsufa da wuri: ba su mutu ba, ba su ƙara rabuwa, sai dai su zauna suna ta fitar da saƙon kumburi.

Har yaushe? A nan ne wani aiki na ƙasar Suwidin ya ba da amsa mai tayar da hankali. Martin Halle, likitan tiyata a cibiyar Karolinska, yana ɗinke wa masu kansa wuraren da aka yanke, ta hanyar ɗauko nama daga wani sashen jikinsu. Hakan ya ba shi damar kwatanta jijiyoyi biyu na mutum ɗaya, wadda ta sha haske da wadda ba ta sha ba. A rahotonsa na 2010, makunnin NF-kB na nan a kunne cikin jijiyar da aka gasa, har a mutanen da suka shekara da shekaru da gama gashi.

Sakamakon ya danganta da girman jijiya. Ƙanana na toshewa su ɓace, naman da suke ciyarwa ya ƙandare ya zama tabo, waɗanda suka rage kuma su buɗe su yi laushi, su riƙa zubar da jini. Shi ya sa matar da aka yi wa gashin bakin mahaifa kan iya ganin jini a bayan gida ko fitsari watanni ko shekaru bayan ta warke. Manya kuwa bangonsu ke yin kauri, hanya ta ƙuntata, kamar yadda kitsen jini ke yi wa tsoho, sai dai da sauri. Idan a wuya ne, haɗarin shanyewar ɓarin jiki na ƙaruwa. Idan a ƙirji ne, na toshewar jijiyoyin zuciya.

Girman haɗarin

Alƙaluman da aka fi dogara da su na Sarah Darby ne ta jami'ar Oksfod, waɗanda suka fito a 2013. Ta bi tarihin mata 2.168 da aka yi wa gashin nono a Suwidin da Danmak tsakanin 1958 da 2001. Ta samu cewa kowane girai ɗaya da zuciya ta sha, a matsakaici, yana ƙara haɗarin babban ciwon jijiyoyin zuciya da kashi 7,4 cikin 100. Ƙarin na farawa cikin shekaru biyar na farko, yana kuma ci gaba har bayan shekara 20.

Wannan adadi na saurin firgita mutane, musamman idan aka yanko shi aka watsa shi tsirara. Ga yadda yake a zahiri, da lissafin masu binciken kansu: mace ƴar shekara 50 da ba ta da wata matsalar zuciya, idan zuciyarta ta sha girai 3, haɗarin ta mutu da ciwon jijiyoyin zuciya kafin ta kai 80 yana tashi daga 1,9 zuwa 2,4 cikin 100. A ɗaya ɓangaren, wani babban nazari na 2011 da ya haɗa mata 10.801 ya nuna cewa gashi bayan tiyatar da ba a cire nono duka ba yana rage dawowar kansar cikin shekara goma daga 35 zuwa 19 cikin 100. Duk wanda ya ce a guji gashi saboda tsoron zuciya, bai yi lissafi ba. Maganar ita ce yadda za a rage kuɗin da jijiya ke biya.

Akwai maganin asibiti da aka ƙera don kare nama daga haske, amifostin, wanda ya samo asali daga binciken sojojin Amurka. An amince da shi a 1999 don rage bushewar baki a gashin kai da wuya. Allura ce, tana sa amai, tana faɗar da tansiyo, shi ya sa ba a cika amfani da ita ba. Wannan giɓi ne ya sa aka juya ga tsirrai.

Kurkum

Babu sinadarin da aka yi wa rubuce-rubuce a wannan fage kamar kurkumin, wanda ke ba kurkum, ko gangamau, launinsa na rawaya. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka san cewa a kwanon gwaji yana hana makunnin NF-kB kunnuwa, kuma ƙwayoyin shimfiɗar jijiya da aka jiƙa da shi ba su cika fito da ƙugiyoyin nan ba. A takarda, shi ne daidai abin da ake nema.

An gwada shi a jikin mutane. A jami'ar Rochester ta Amurka, Julie Ryan ta ba mata masu gashin nono giram 6 na kurkumin a rana, wasu kuma ta ba su kafso marasa komai, ba tare da kowa ya san wanda ya samu wanne ba. Abin da aka auna shi ne ƙunar fata, wadda ita ce alamar kumburi mafi sauƙin gani. A gwajin farko, na mata 30, da ya fito a 2013, sakamakon ya yi kyau ƙwarai: saɓewar fata ta ragu sosai. Har yau wannan gwajin ne masu tallar kafso ke nunawa. Abin da ba su faɗa shi ne, wannan ƙungiya ta sake gwajin da mata 686, ta wallafa a 2018, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin masu kurkumin da masu kafson banza.

Dalilin bai ɓuya ba. Kurkumin ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa da kyau, ɗan abin da ya shiga kuma hanta na saurin canza shi ta fitar. A wani gwaji na 2006 a Amurka, an ba masu lafiya har giram 8 a haɗiya ɗaya, aka duba jininsu ba a same shi ba. Sai a giram 10 da 12 aka ga ɗan burbuɗi a jinin mutum biyu. Shimfiɗar jijiya kuwa abin da ke cikin jini kaɗai take gani. A kwanon gwaji ana zuba mata sinadarin ne kai tsaye, da yawan da jiki ba zai taɓa kaiwa ba ta hanyar baki.

Sai kuma lissafin kicin. Garin kurkum na ɗauke da kurkumin wajen kashi 3 cikin 100 ne. Giram 6 na gwajin can na nufin kusan giram 200 na gari kowace rana. Ɗan abin da uwargida ke zubawa a shinkafa ba ya kusa da haka, kuma ba ya da laifi.

Kamfanoni sun nemi hanyar tilasta wa jiki ya sha, galibi ta haɗa kurkumin da piperin, sinadarin masoro. Hakan na ƙara yawan da ke shiga jini ninki da dama, kuma a nan matsala ta ɓullo. A 2019 Italiya ta samu jerin masu ciwon hanta da aka alaƙanta da irin waɗannan kafso. A 2022 hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, Anses, ta yi gargaɗi a kansu, ta tuna cewa iyakar da aka yarda da ita ita ce miligiram 180 na kurkumin a rana ga mai nauyin kilo 60, ta kuma shawarci masu shan maganin kansa, masu shan maganin tsinka jini da masu ciwon matsarmama da kada su sha ba tare da izinin likita ba.

Sauran da ake bincike

Wanda aikinsa ya fi kusa da jijiya kai tsaye shi ne gama-tokotiriyenol, ɗan gidan bitamin E da ake samu a manja da dusar shinkafa. Masu bincike a jami'ar Arkansas da wata cibiyar sojojin Amurka sun nuna cewa ɓerayen da aka yi wa allurarsa kafin a haska su sun fi rayuwa, jijiyoyinsu kuma sun fi tsira daga tartsatsi. Allura ce ta tataccen sinadari, a ɓera, kwana guda kafin haske. Shan manja da cokali ba shi ne wannan ba.

Abin sha'awa shi ne hanyar da yake bi ita ce ta statin, magungunan rage kolesterol da ke kowace farmasi. Su ma asalinsu daga halitta ne: Akira Endo na Japan ya ciro na farkonsu daga funfuna a shekarun 1970. A Faransa, masu binciken cibiyar IRSN sun nuna a 2005 cewa parabastatin na rage mannewar ƙwayoyin jini a shimfiɗar jijiyar da aka haska, sannan cibiyar Gustave Roussy ta gwada shi a kan masu tabon gashi a wuya, inda tabon ya yi laushi a wajen wasunsu. Gwajin ƙarami ne, babu rukunin kwatantawa. Duk da haka, a ganina, wannan ce hanyar da ta fi alamar kaiwa wani wuri, domin magani ne da aka san awonsa, aka san illarsa.

Haka batun bitamin E da pentoksifilin, wani maganin gudanar jini. Sylvie Delanian, likita a Paris, ta ba mata 24 masu tabon gashin nono, aka raba su rukuni-rukuni, tsawon wata shida. A rahoton 2003, haɗin biyun ya rage faɗin tabon da kashi 60 cikin 100, masu ƙwayar banza kuma nasu ya ragu da 43. Bitamin E shi kaɗai bai yi komai ba. A lura kuma, an ba su ne shekaru bayan sun gama gashi, lokacin da babu sauran kansar da za a kare bisa kuskure.

Jenistayin na waken suya, wanda ake yin awara da shi, ya kare huhun ɓeraye daga haske, kuma an fara gwada wani nau'insa da aka sarrafa a kan masu kansar huhu a Amurka. Cin awara abinci ne mai kyau ga majinyaci, amma da yake sinadarin na kama da homon na mata, likitoci na hana masu kansar nono shan tataccensa. EGCG na koren shayi, irin wanda ake dafawa a buta a kowace fada, ya rage ƙunar fata a wani gwaji na ƙasar Sin da ya fito a 2022; sai dai fesa shi aka yi a fata, ba sha ba. A kafso, hukumar abinci ta Turai ta gano a 2018 cewa daga miligiram 800 a rana yana fara taɓa hanta. Zogala, albasa da bisap na da sinadarai irin su kersetin da antosiyanin da ke kwantar da ƙwayoyin jijiya a kwanon gwaji, kuma ruwan bisap mara sukari ya ɗan rage tansiyo a wani gwajin mutum 65 a Amurka. Abinci ne masu amfani. A nan ya kamata a tsaya.

Darasin Kebek

Mu koma ga tartsatsi. Aikin antioksidan shi ne kashe shi. Idan ya kashe wanda ke ƙona jijiya, me zai hana shi kashe wanda aka aika ya ƙona kansa? Ƙarin ma yana da nasa jijiyoyin, kuma waccan ƙungiya ta Niyok ta nuna a 2003 cewa, a ɓeraye, lalata shimfiɗar jijiyoyin ƙari na cikin hanyoyin da haske ke cin galaba a kansa.

An samu amsa a lardin Kebek na Kanada. Isabelle Bairati da François Meyer na jami'ar Laval sun ɗauki mutum 540 masu kansar kai da wuya da za a yi wa gashi. Rabi aka ba su bitamin E, awo 400 a rana, tun ranar farko har shekara uku bayan gashi, tare da beta-karoten a farkon gwajin. Rabi kuma ƙwayar banza. Sakamakon ya fito a 2005. Waɗanda suka sha haɗin biyun sun ɗan samu sauƙin ƙunar gashi, kamar yadda aka yi fata. Amma kansar ta fi dawowa a rukunin masu bitamin, kuma da aka ci gaba da bin su, an samu mutuwa ta fi yawa a cikinsu. Da aka sake tace alƙaluman a 2008, sai aka ga ɓarnar ta taru ne a kan waɗanda suka ci gaba da shan taba lokacin gashin.

Ba wannan ne karo na farko ba. A Finlan, a 1994, gwajin maza masu shan taba fiye da 29.000 ya nuna cewa ƙwayar beta-karoten, sinadarin da ke cikin karas, ta ƙara kansar huhu da kashi 18 cikin 100. Karas bai cutar da kowa ba. Ƙwayar ce ta yi. Kalmar «na halitta» da ake bugawa a jikin kwalba ba ta nufin abu mai taushi. Binkiristin, ɗaya daga cikin magungunan shimiyo masu ƙarfi, daga wata furen Madagaska aka ciro shi, paklitaksel kuma daga ɓawon itace.

A gida da asibiti

Abin da ya fi kare jijiya ana yin sa ne tun kafin a kunna na'ura, lokacin da likita da masanin fizik ke zana hanyar da haske zai bi don ya kauce wa zuciya, huhu ko hanji. A inda na'ura ta ba da dama, akan sa mai gashin nonon hagu ta ja dogon numfashi ta riƙe, huhu ya cika ya ture zuciya daga hanya. Majinyaci na da haƙƙin ya tambaya me aka yi don kare sassan da ke kusa.

Saura na hannunsa. Taba, ko sigari ce ko shisha, tana ƙona shimfiɗar da haske ya riga ya raunana, tana kuma rage iskar oksijen a jini. Ƙwayar kansar da ba ta samun oksijen kuwa tana jure haske kusan ninki uku. Don haka ne ma ake duba ƙarancin jini lokacin gashi, kuma nama, kifi, wake, ƙwai da ganye ke da muhimmanci. Hawan jini, ciwon sukari da kolesterol na haɗuwa da ɓarnar haske. A binciken Darby, matan da suka riga suna da irin waɗannan matsaloli su ne ƙarin haɗarin ya fi yi wa nauyi. Awon tansiyo da na sukari a asibitin unguwa ya fi kowace kwalbar antioksidan araha.

Game da tsirrai, iyakar tana tsakanin tukunya da kwalba. Kurkum a miya, kwaɗon zogala, awara, shayi, ƴaƴan itace, duk a ci. Kafso, tataccen gari da ake sha da cokali, jiƙo mai ƙarfi da ba a san abin da ke ciki ba, da bitamin masu babban awo, a ajiye su har a gama gashi, a kuma kai kwalbar ko ƙullin wurin likita ya gani. Mutane da yawa na ɓoyewa don kunya ko tsoron faɗa. Likitan da bai san abin da ake sha ba kuwa, idan hanta ta motsa, shimiyo zai zarga ya dakatar. Fatar da ake gasawa ma kada a shafa mata komai, ko man kaɗe ne, sai da yardar ma'aikatan sashen. Kuma kada a katse zaman gashi don a je a gwada wani magani a gida: a kansar bakin mahaifa ana so a kammala komai cikin mako takwas, domin kowace rana da aka ƙara tana rage damar warkewa.

Bayan an gama, a nemi a rubuta a karne wurin da aka gasa, yawan girai da shekarar, a adana shi, a nuna wa duk likitan da za a gani ko bayan shekara ashirin ne. Jini a bayan gida ga wadda aka yi wa gashin mara ba lallai basir ba ne, kuma asfirin, kafson kurkum ko na tafarnuwa na iya ƙara zubarsa. Akwai hanyoyin tsayar da shi a asibiti. Ciwon ƙirji ko haki ga wanda aka yi wa gashin ƙirji, ko mutuwar hannu, karkacewar baki da sarƙewar harshe ga wanda aka yi wa na wuya, ko da sun wuce cikin ƴan mintoci, na buƙatar ganin likita a ranar.